Maganin da Bai Yi Kumfa Ba

Shekara talatin da biyu Mai Batir ya yi a sana'ar da kusan kullum sai an yi wa mutum ƙarya a cikinta, saboda haka ba laifinsa kaɗai ba ne da ya zama mai zargi. An sha kawo masa tsohon batir an wanke an shafe da fenti, a ce sabo ne fil. An sha sayar masa da jarkar asid da aka tsinka da ruwan famfo. Wani direba ya taɓa rantse masa har da hawaye cewa batirinsa bai taɓa faɗuwa ba, alhali ga tsaga nan a gindi an liƙe da gam. Tun yana musu da mutane har ya daina. Sai dai ya ɗauko ma'auninsa, wani bututun gilashi mai kan roba, da ɗan tsinke mai lambobi yana iyo a ciki, ya tsoma a ramin batir ya zuƙo ruwan. In tsinken ya taso sama, asid na da ƙarfinsa. In ya nutse, mai kaya ya kwashi kayansa ya ƙara gaba. Duk layin garejin an san ba a jayayya da wannan bututu.

Asid ɗaya ne ya gagare shi aunawa, shi ne na cikinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙwannafi yana wahalar da shi. Da ya ci abu mai maiƙo ko mai yaji, kafin ya gama wanke hannu wuta ta kama daga bakin cikinsa har maƙogwaro. Maganinsa kuwa guda ne, wani gari da ake sayarwa fakiti-fakiti a kantin kwana. Ya yage, ya juye a rabin kofin ruwa, kumfa ta taso fuuu, ya kafa kai kafin ta kwanta. Minti ɗaya bai cika ba sai gyatsa, irin wadda take sa maƙwabcinsa mai gyaran lagireto, wanda kowa ke kira Lagireto, ya ɗago kai daga aikinsa ya ce masa sannu. A wurin Mai Batir wannan gyatsar ita ce shaidar magani ya yi aiki. Ya soma da fakiti ɗaya a rana, ya koma biyu, har ya kai huɗu, kuma bai ga abin damuwa a ciki ba.

Sai surukinsa ya shigo cikin maganar. Mijin Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, kuma shi ne mai kemis ɗin da ke ƙarshen layin, wanda in Mai Batir ya miƙa wuya daga bencinsa yana iya hango ƙofarsa. Shekara biyu da auren bai kama yaron da laifin komai ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Mutum ba ya ɗaga murya, ba ya katse maka magana, gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai ka gaji ka sallame shi. A sanin Mai Batir, duk batirin da ya cika sheƙi a waje sai an buɗe murfinsa an leƙa. Ga wani sabon hali da yaron ya tsiro da shi a 'yan watannin nan: in suna magana ba ya kallon fuskarsa, sai ya zuba wa ƙafafunsa ido, kamar wanda ya yar da allura a wurin.

Ran nan yaron ya zo gida da wata kwalba mai farin ruwa kamar madara. Ya durƙusa ya ajiye, ya ce don Allah Baba ya bar garin nan, ya riƙa shan cokali biyu na wannan bayan abinci. Da aka tambaye shi dalili, sai ya kalli ƙasa ya ce wannan ya fi dacewa da shi.

Mai Batir ya sha. Abu a baki kamar an jiƙa alli, ya wuce maƙogwaro shiru, ya zauna a ciki shiru. Ya jira gyatsa har ya gaji. A faɗi gaskiya, zafin yakan lafa, sai dai ba ya yin sallama in zai tafi, shi kuwa mutumin namu sai ya ce ai dama can lokacin lafawarsa ne ya yi. Ya kai ƙara wurin matarsa cewa wannan magani ba shi da rai. Tana tsintar shinkafa ta ce masa, ko ɗago kai ba ta yi ba, shi dai a duniya ba a iya masa, ko zuma aka ba shi sai ya nemi wanda ya ga ƙudan da suka yi ta.

Da abin ya tsaya a nan da an huta. Amma kwana huɗu bayan haka ya je kantin kwana neman garinsa, mai kanti ya ce ya ƙare, alhali ga jerin fakitin nan a rataye a bayan kansa yana lilo. Mai Batir ya tsaya yana kallon fakitin, mai kanti yana kallon titi, har dai ya ga ba mafita ya ce Mai Kemis ne ya roƙe shi kada ya ƙara sayar masa. A satin kuma Mai Batir ya leƙa gidan Auta ba zato. Yana yin sallama maganar da mata da miji suke yi ta yanke, ya kuma ga da idonsa Auta ta tura wata takarda ƙarƙashin matashin kujera. Sannan ga rediyon gareji da ta kwana biyu tana maganar masu haɗa maganin jabu da alli da sitaci. Ga sabon firji a kemis, ga sabon allo mai fitila a bakin ƙofa.

Ya jera waɗannan abubuwa a ransa yadda yake jera batura a kan katako, ya ga sun hau layi ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai ba cikinsa ba ne. Auta ce. In yaron nan ruwan alli yake ɗura wa mutane, to da shi 'yarsa take ci take sha, kuma ranar da za a zo a garƙame kemis a tasa ƙeyarsa, ita ce za ta tsaya a titi da goyo tana kuka. Ya ji tsoro na gaske, ya kuma ji haushin a ce an mai da shi, shi da kansa, wurin gwada jabu. Ya ƙudura sai ya san ko wane irin mutum ya ba 'yarsa. Kuma tunda likitoci sun ce ƙwannafi asid ne, to ai an zo gidan asid.

Niyyarsa ya gwada maganin a asirce, sai dai babu asiri a gareji. Tun da ya aro kofunan gilashi uku a wurin mai shayi aka fara tambaya. Dogo, direban bas ɗin da ya sayo masa garin daga wata unguwa, ya ƙi tafiya sai ya ga me za a yi da shi. Mai faci ya bar taya a cikin ruwa ya zo, mai fenti ya zo da tsumma a hanci, Lagireto ya jawo kujerarsa. Mai Batir ya so ya kore su, amma wani ɓangare na zuciyarsa yana son shaidu.

Bai yi aikin da ka ba, wannan kam a ba shi. Ya auna ruwa daidai a kowane kofi, ya ɗiga asid ɗin batir murfi ɗaya-ɗaya a kai, ya juya da sandar roba. A kofi na farko ya juye garinsa. Kumfa ta yi tsalle ta haye baki ta malalo kan benci tana huci, 'yan kallo suka ja da baya suna dariya. A na biyu ya jefa ƙwayoyin taunawa guda biyu da ya saya a hannun mai talla, suka yi ta 'yan tartsatsi a gindin kofi, ba yabo ba fallasa. A na uku ya zuba cokali biyu na farin ruwan surukinsa. Farin ya yi gajimare, ya juya sau ɗaya, ya dushe, kofin ya koma garau kamar ba a taɓa zuba masa komai ba. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba.

"Ya cinye shi," in ji mai faci. "Asid ya lashe shi ko gardama bai yi ba."

Mai Batir ya ce a dakata, ido ba ma'auni ba ne. Ya ɗauko bututunsa ya tsoma a kofin farko, ya zuƙo rabi ruwa rabi kumfa, tsinken ya kwanta a ƙasa. Ya ɗauraye ya tsoma a na uku. Tsinken ya miƙe ya tsaya ƙyam, yadda yake tsayawa in asid na nan da ransa. Dogo ya tambaya daga wane kemis aka samo wannan, Mai Batir ya ce ba ruwansa. Amma kwalbar tana nan a kan benci, da 'yar takardar kemis ɗin manne a jikinta, da rubutun hannun yaron: cokali biyu bayan abinci. Dogo ya karanta a hankali, ya kalli ƙarshen layin, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi ya tayar da motarsa.

Akwai wani daɗi da mai zargi yake ji in zarginsa ya tabbata, kuma Mai Batir ya ji shi, har ya kai shi la'asar. Daga nan abin ya fara yi masa nauyi. Bas ɗin Dogo tana ɗaukar mutum goma sha takwas, tana kai da kawowa sau takwas a rana, shi kuwa Dogo bai taɓa tuƙi da baki a rufe ba. Kafin kwana uku labari ya dawo wa Mai Batir da ƙari, wai an zuba maganin a asid ya koma ruwan famfo, wai tsohon da kansa ya ce saura kaɗan a kashe shi. Daga bencinsa yana ganin yadda masu shiga kemis suka ragu. Ya ga wata mata ta shiga da kwalbar maganin tarin yaro, ta fito hannu wofi tana faɗa. Shi kuwa yaron kullum da safe sai ya tsaya ya gaishe shi kamar yadda ya saba, gaisuwa ba ta ragu da ko kalma ɗaya ba. Mai Batir ya fassara wannan da taurin ido. Auta dai ta ɗauke ƙafa, matarsa kuma ta koma ajiye masa abinci ba magana.

Ana cikin haka wata malamar makaranta ta kawo batirin 'yar motarta caji. Kimiyya take koyarwa a sakandare, mace mai tabarau da saurin magana. Lagireto, wanda ya mai da labarin kamar shi ya yi gwajin, ya kwashe duka ya faɗa mata, ya kuma matsa sai an maimaita a gabanta ta ga ilimin da babu a littafi. Mai Batir ya maimaita, komai ya fito yadda ya fito da farko. Malama ta kalla har ƙarshe ba ta yi dariya ba, ba ta kuma jinjina kai ba. Sai ta ce a ba ta kofi da ruwan sha zalla. Ta yage fakitin gari ta juye a ciki. Kumfa ta taso fuuu ta malalo kan benci.

"Baba, ina asid a nan?" ta ce.

Mai Batir ya zuba wa kofin ido. Kullum, shekara goma sha ɗaya, yana ganin garin nan yana kumfa a ruwan sha, bai taɓa haɗa wannan da wancan ba. Malama ta ce garin da nasa tsamin yake zuwa a cikin fakiti, da ya ji ruwa sai ya kama faɗa da kansa, kumfar ke nan, gyatsar ma ke nan. Ya ce to ma'auni fa, shi ma ƙarya ya yi? Ta aika aka karɓo sukari a wurin mai shayi, ta narka cokali shida a ruwa, ta ce ya auna. Ya tsoma bututun yana hararar ta. Tsinken ya taso ya tsaya ƙyam a ruwan da ko jariri zai iya sha. Ta ce bututun bai yi ƙarya ba, nauyin ruwa yake aunawa, ba kaifinsa ba. A cikin batir nauyin da kaifin tafiyarsu ɗaya, shi ya sa bai taɓa ba shi kunya ba, amma a kofin da aka zuba magani ba abin da ya sani.

Abu na farko da ya zo wa Mai Batir a rai shi ne turo ta aka yi. Ya tambaye ta, kamar da wasa, ko ta san mai kemis ɗin can. Ta ce ita unguwarsu da nisa, ko aspirin ba ta taɓa saya a layin nan ba. Ta ce gobe in ta zo ɗaukar batir za ta taho da abin da ake gwada irin wannan da shi. Tana tafiya ya sayo sukari a wani kanti dabam, ya ɗebo ruwa da hannunsa, ya juya wa layin baya ya sake aunawa. Tsinken ya sake tasowa. Ya daɗe zaune da bututun a hannu.

Washegari ta zo da sirinji da wasu 'yan siraran takardu a cikin gwangwani. Ta ce takardar in ta taɓa asid sai ta yi ja, in babu sai ta ƙi. Ta ce kuma asid ɗin batir ba irin na ciki ba ne, wanda Lagireto yake wanke wurin dalma da shi ya fi kusa, ta karɓi kaɗan ta tsinka shi da ruwa mai yawa. A kowane kofi aka sa magani daidai yadda mutum zai sha sau ɗaya. Aikin shi ne a riƙa ƙara asid sirinji ɗaya-ɗaya, a juya, a jira, a tsoma takarda, har sai ta yi ja ta zauna a ja. Wanda ya fi shanye asid kafin takarda ta juya, shi ne gwani. Mai Batir ya ce shi zai riƙe sirinjin, shi kuma zai ƙirga, ta ce dama haka take so.

Garinsa ya sallama a sirinji na huɗu. Ƙwayoyin mai talla suka kai bakwai. Farin ruwan kuwa sai da ya gajiyar da shi. Ya zuba, takarda ta yi kamar za ta yi ja, a juya a ɗan jira, a tsoma wata ta fito ba ja. Takwas, tara, goma, farin yana raguwa a hankali ba hayaniya. Sai a na goma sha uku kofin ya washe, takarda ta yi ja ta tsaya. Malama ta ce ɓacewar da ya gani ran nan ba cinye shi aka yi a banza ba, aikinsa ke nan, yana narkewa yana kashe kaifin, kawai dai asid ɗin da ya zuba ya isa ya ƙona cikin mutum goma. Tana harhaɗa kayanta ta ƙara da cewa garin nan dangin gishiri ne, ba a son mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa ya riƙa ɗirkarsa. Ta faɗi haka ne idonta a kan takalmansa, waɗanda ya saki maɗaurinsu har ramin ƙarshe, naman ƙafar yana tasowa ta gefe. Ta ce ƙwannafin shekara goma sha ɗaya kuma ba a benci ake gwada shi ba, asibiti ake kai shi.

Shi ma ya kalli ƙafafun nasa. Ashe abin da yaron yake kallo ke nan.

Bai jira tashi daga aiki ba, ya rufe rumfa ya tafi gida. Matarsa ba ta ja masa rai ba, don dama maganar ta cika mata baki. Ta ce ya tuna ranar da yaron ya zo da na'urar awon hawan jini ya ce sabuwa ce yana son ya gwada ta a hannun kowa? To ba na'ura ake gwadawa ba, shi ake gwadawa, don an san in aka ce masa awo ne ba zai miƙa hannu ba. Abin da na'urar ta nuna shi ne a takardar da Auta ta ɓoye. Sun yi ta shawarar yadda za a kai shi wurin likita ba tare da ya tayar da gidan ba, tunda tun rasuwar yayansa a gadon asibiti ya rantse ba mai ganin ƙafarsa a can. Ita ce ma ta hana yaron faɗa masa dalili, ta ce a bi shi a hankali. Ta ce yanzu ga inda bi a hankali ya kai su, yarinya ta kwana biyar tana kuka, mijinta ya hana ta zuwa ta yi magana, wai Baba ba a yi masa musu.

Kunya ta kama Mai Batir irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Amma mutum ne mai gyara, ya kuma yi imani duk abin da gwaji ya ɓata gwaji zai gyara shi. Malama ta bar masa sirinji da sauran takardun. Da safe ya bi layin da kansa, rumfa-rumfa, ya kira duk wanda ya ga gwajin farko, ya tare Dogo kafin ya yi lodi. Ya jera kofuna, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi kuskure, abin da ba wanda ya taɓa ji daga gare shi. Ya nuna musu garin a ruwan sha, ya nuna musu sukari, sannan ya shiga ɗiga asid yana ƙirgawa.

Gwajin gaskiya ba shi da daɗin kallo. Ba abin da ya malalo, ba wanda ya ja da baya. Ɗiga, juya, jira, tsoma takarda. A sirinji na shida mai fenti ya ce fentinsa zai bushe, ya tafi. Mai faci ya ɗauki takarda ɗaya ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya tambaya wa ya kawo ta, kuma a ina ake sayar da ita, kuma ta yaya za a san ba a shafa mata wani abu ba. Tambayoyi ne masu kyau, irin waɗanda shi kansa zai yi, shi ya sa suka fi yi masa ciwo. Lagireto ya ce shi dai a gabansa Malama ta yi, amma da aka tambaye shi ko ya san ta kafin ranar, ya ce a'a, ya koma yana sosa ƙeya. Da aka kai goma sha uku Mai Batir ya ɗaga jar takardar sama yana nuna wa mutum uku da suka rage.

Dogo ya dafa kafaɗarsa, da murya mai taushi kamar mai ta'aziyya. "Mun gane, Baba. 'Yarka ce a gidan. Wallahi ko ni ne haka zan yi."

Mai Batir ya rantse, abin da ya daɗe yana raina masu yi a gabansa. Suka ce sun yarda, da irin fuskar da shi yake yi wa direbobi in sun rantse. Kowa ya koma bakin aikinsa, aka bar shi da kofuna uku da kwalbar da gwaje-gwaje suka ƙarar.

Tsakanin bencinsa da kemis bai fi taku ɗari biyu ba, amma sai da rana ta take tsaka ya iya yin su. Ba kowa a ciki. Bencin masu jira an goge shi tas, firji yana ta gurnani shi kaɗai. Surukin ya taso da sauri ya zagayo ya gaishe shi, ya jawo masa kujera, ya tambayi gida da jiki. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai Batir ya tsara magana tun daga hanya, mai kyau, har da inda zai ce a yafe masa. Da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa maganin nan ya ƙare.

Yaron ya ce to, Baba. Ya shiga ciki ya fito da sabuwar kwalba a cikin kwalinta, ya ajiye a kan kanta, ya juyo da ita ta fuskanci tsohon. Ya sa yatsa yana nunawa.

"Ga hatimin kamfani, ba a taɓa shi ba. Nan ranar da aka yi shi, nan ranar da zai lalace. Wannan lambar rajista ce. In ka gamsu sai ka fasa da hannunka."

Ba gatse a muryarsa, ba fushi. Da akwai da ya fi sauƙi.

"Haba, ɗana," in ji Mai Batir. "Ba sai na duba ba."

"A'a, Baba, duba. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya duba."

Mai Batir ya laluba aljihu ya ciro tabaransa. Yaron ya ja da baya ya tsaya, hannuwansa a bayansa, yana jira, har tsohon ya karanta kwalin tun daga sama har ƙasa.